Rasuwar Karkatacce, Tsinken Saƙar da Ya Gwammace Karyewa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi kama da fushi, ni Eduvigis Barría Millalonco, tsohuwar malamar makarantar firamare ta Curaco, matar marigayi Olegario Oyarzo mai sassaƙa jiragen ruwa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya tsaya karanta abin da aka manna a ƙofar ɗakin taron unguwa, rasuwar tsinken saƙata, wanda aka fi sani da Karkatacce. Ya rasu ranar Asabar da ta wuce, gab da cin abincin rana, a ɗakin zamana, a bakin aikinsa, a hannun da ba nawa ba.

An haifi marigayin a bayan gidanmu, shi da ɗan tagwayensa Miƙaƙƙe, daga reshe guda na itacen luma, a shekarar da aka ɗaura mana aure. Olegario ne ya fere su da wuƙarsa ta aljihu, ya goge su da fatar kifi har suka yi santsi. Ɗaya ya fito sambal. Ɗayan ya fito da ɗan lanƙwasa a ƙugu. Na nuna wa Olegario, ya juya shi ya ce laifin itace ne. Mutumin da yake tanƙwara katako ya zama cikin jirgi ba tare da ruwa ya samu ƙofar shiga ba, shi ne yake ce mini itace ya fi ƙarfinsa. Ban yarda ba, shi kuma bai janye ba, muka zauna lafiya a kan haka shekara arba'in da wani abu.

Marigayin bai taɓa samun lamba a jikinsa ba irin ta tsinkayen kanti. Kaurinsa kaurinsa ne, babu irinsa a Castro, babu a Santiago. Mai ɗumi ne a hannu ko da ruwan sama ya yi wata yana zuba, ba kamar tsinken ƙarfe ba da yake sa yatsu su ƙage. Bai taɓa sakin ido ɗaya na saƙa ba da son ransa. Ban da aikinsa na asali, ya nuna wa yara inda tsibirinmu yake a taswira, ya sosa bayan da hannu ba ya kaiwa, ya shiga cikin burodi ya fito ya faɗi gaskiyar ko ya nuna, ya zaƙulo tabarau daga ƙarƙashin kabad. Bai taɓa dukan yaro ba, ko da yake cikin waɗanda suka zauna a ajina akwai wasu, yanzu manya ne a ofishin gunduma, da har yau nake ganin an yi musu sassauci.

Ba mai yawan magana ba ne. Idan sun haɗu da ɗan uwansa sai ka ji ƙas, ƙas, sannan wata 'yar ƙaramar tak da lanƙwasar ƙugunsa take ƙarawa. Ƙas, ƙas, tak. Da wannan muryar Olegario yake gane yanayin gida tun daga bakin shinge. Idan ya ji tana tafiya a hankali sai ya shigo ya nemi shayin mate. Idan ya ji tana gudu sai ya tuna akwai katakon da bai rufe ba a rumfar jirgi.

Na ji ana yaɗawa a bakin coci wai tsufa ne ya kashe shi, wai itace ne, dole wata rana ya gaji. Ƙarya ne. Lafiyarsa ƙalau da safiyar ranar. Tunda ni ce mai gawa, ni zan faɗi yadda aka yi, kuma dole in fara da rigar.

Akwai wata rigar sanyi da na fara saƙa wa Olegario shekarar da ya rasu. Na gama gaba, na gama baya, na gama hannun hagu. Ni daga kafaɗa nake saƙa hannu in gangaro, yadda mahaifiyata take yi. Ya gwada hannun hagun, ya miƙa, ya ce, "Eduvigis, kullum hannun rigarki gajere ne. Mutum ya ɗaga guduma sai gwiwar hannunsa ta leƙo waje tana gaida jama'a." Na ce hannunsa ne ya yi wa jikinsa yawa. Ina tsakiyar hannun dama, ban kai ga ba shi cikakkiyar amsa ba, zuciyarsa ta tsaya yana zaune yana ɗaure takalmi.

Bayan an yi makoki an watse, na ɗauko rigar don in rufe bakin hannun in ajiye. Na kai daidai inda ya kamata a rufe, sai na tuna maganarsa, na ce, to bari ka ga gajere. Na ƙara layi. Washegari ɗan akuyar maƙwabta ya cinye mini kabeji, babu wanda zan gaya wa, na ƙara layi biyu ina gaya masa. Tun daga nan haka muke. Duk abin da ya faru wanda da yana nan sai ya ji, sai in zauna kusa da murhu in saƙa masa. Ulun asali ya ƙare tun tuni, saboda haka kowane labari da zaren da na sayo masa. Yau hannun rigar ya tashi daga kujerata ya kai ƙofar kicin ya ɗan lanƙwaso. Marigayi Karkatacce da ɗan uwansa ne kaɗai suka taɓa hawa wannan aiki, kuma su kaɗai suka san abin da ke ciki. Ban taɓa yi wa kowa bayani ba, don ba wanda ya tambaya. Dariya kawai ake yi.

A sanyin bana ƙirjina ya kama, na kwanta asibiti a Castro. Na warke, kamar yadda na gaya wa likitan tun ranar farko zan warke. Na dawo gida na tarar an riga an fara naɗe ni kamar tabarmar da aka gama zama a kanta. 'Yata Yasna ta baro aikinta a Puerto Montt ta zo ta tare, tana bina da kallo duk inda na juya. Komadre Fresia kuwa, wadda ta riƙe Yasna ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna komadre, kuma muka yi shekara sittin muna zama benci ɗaya a coci, ita ta kawo maganar da matan unguwar nan suke gadon faɗa: wai macen da ta mutu ta bar saƙa a kan tsinke ba ta samun kwanciya, sai ta riƙa dawowa tana neman ƙarasawa.

Na tambayi Fada, limamin cocinmu, ya ce babu wannan a littafinsa. Ni ma na koyar da yara shekaru masu yawa, ban gamu da ita a nawa ba. Kuma na gwada. Mahaifiyata ta rasu ta bar safa ƙafa ɗaya da rabi a kan tsinke. Na ajiye mata ita a kan kujerarta har shekara ta zagayo, ƙofa ba sakata. Ba ta zo ba. Da ana zuwa da ta zo, ko don ta gaya mini dunduniyar da nake saƙawa ba daidai take ba.

Amma Yasna ta tsorata, mai tsoro kuma duk abin da aka miƙa masa kamawa yake. Abu na farko, ta haye ruwa zuwa kasuwar Dalcahue ta samu Doña Clorinda, wadda nake sayen ulu a rumfarta tun tana goyon ɗanta na fari, ta ce kada a ƙara sayar mini da ko zira'i ɗaya sai na gama abin da na fara. Da na je ranar Lahadi na ɗauki wani curi mai launin ganyen tuffa, Clorinda ta kama ɗaya gefen ta ƙi saki. "Malama, ki rufa mini asiri," in ji ta, "'yarki ta ce idan na sayar miki za ta kwana a rumfata." Na dawo a jirgin fito da kwando fayau, karo na farko a rayuwata.

Bari in faɗi wani abu a nan, tunda takardar tawa ce. Masu cewa kada a sayi sabon zare sai an gama da tsoho ba su san saƙa ba, ba su kuma san saye ba. Sana'o'i biyu ne daban, kowace da gwanayenta, ni kuma na ƙware a duka. Akwatunan ulun da ke ɗakina ba ɓarna ba ce. Kowane curi alkawari ne da na yi da wata ranar da ba ta zo ba tukuna. Wanda ya ce in daina saye, cewa ya yi in daina sa ran gobe, sai dai ya faɗa da ladabi.

Abu na biyu, suka kira gayya. Kun san gayya ba a ƙinta a tsibirin nan. Da ita muke haƙar dankali, da ita muke ɗaura wa gida sukutum igiya shanu su ja shi zuwa wani fili. Wannan karon gayyar ƙarasa saƙar Eduvigis aka kira, ni kuma da safiyar ranar na ji labari, lokacin da mata suka fara karkaɗe lema a bakin ƙofata. Kun kuma san ƙa'idar: mai gayya ba ya taɓa aikin, ciyarwa ce tasa. Da wannan ƙa'idar aka kama ni. Aka tura ni kicin in soya wainar dankali in kula da tukunyar rago, don in ciyar da mutanen da suka zo kwance mini rayuwa. Na tafi, don an yi mini tarbiyya. Kuma hankalina a kwance yake, na san rigar Olegario tana ƙasan akwatin gado, ƙarƙashin barguna.

Sun yi aiki, ba zan hana su ba. Sun ƙarasa hular da na fara wa jikata tana jaririya, yarinyar da yanzu take jami'a. Sun ƙarasa bargon da na bari don launinsa ya daina burge ni. Sun raba safa biyu tsakanin Fresia, wadda take matse zare kamar tana shaƙe kaza, da Doña Herminda mai sakin hannu, sai ƙafa ɗaya ta fito ta yaye, ɗaya ta ɗan sanda. Duk macen da ta taɓa riƙe tsinke ta san hannu biyu ba sa ja iri ɗaya, amma a taron alheri kowa mantawa yake. Waɗannan duka na yafe.

Abin da ya biyo baya Clorinda ce ta ba ni labari, don tana wurin. Yasna ta shiga ɗakin kwana neman ƙarin aiki, ta fito tana jan hannun riga a bayanta kamar mai fito da ragar kamun kifi. Ɗaki ya ɗauki shewa.

"Ikon Allah!" in ji Fresia. "Komadre maciji take yi wa riga?"

Herminda ta ce a'a, wannan ai na raƙumin dawa ne, a aika masa ya sa a wuya.

"Riƙe mini nan, 'yata," Fresia ta ce wa Yasna. "Aikin ai ba wuya. A zare tsinken, a warware har ya daidaita da ɗaya hannun, a rufe baki. Kafin uwarki ta sauke tukunya an gama."

Clorinda ta ce, "Fresia, ki bari a tambayi mai shi."

"Mai shi ce ta kai shi nan. Ke ki ji da rumfarki."

Idanun saƙar suna kan Karkatacce a lokacin. Fresia ta ja, bai fito ba. Ta tofa yawu a tafin hannu ta sake ja, lanƙwasar ƙugunsa ta riƙe zaren gam. Sai ta taka ƙafar kujera, ta fizga da ƙarfin da take fizgar rago ranar aske masa ulu.

Daga kicin na ji muryarsa ta ƙarshe. Ba ƙas ba, ba tak ba. Ɓas. Sau ɗaya.

Na fito da cokalin juya waina a hannu, mai yana ƙonewa a bayana. Abin da na faɗa ba na mannawa a ƙofar ɗakin taro ba ne, yara suna wucewa. Ya isa a ce gayyar ta watse da wuri, kowa ta ƙunshe rabonta na waina a mayafi, kamar yadda al'ada ta tanada, ba wadda ta tsaya shan mate.

Da na duba gawar, na tarar a daidai lanƙwasar ya karye, wurin da aka yi shekaru ana yi masa gori. Tsagin itacen ya buɗe kamar yatsu ya cafke ulun. Ido ko ɗaya bai zame ba. Layi ko ɗaya bai warware ba. Ina so a rubuta wannan a inda ake rubuta irinsa: an ba shi zaɓi tsakanin ya fito salin alin ko ya karye, ya zaɓa.

Muka rage ni da Yasna, rana tana shigowa ta taga, hannun rigar yana kwance tsakaninmu. Ina kwashe idanun ɗaya bayan ɗaya ina mayar da su kan Miƙaƙƙe, ita tana tsaye kamar ɗalibar da aka kama da amsa a tafin hannu.

"Mama," ta ce, "ni fa ba fatalwa nake tsoro ba. Idan kin tafi me zan yi da riga mai hannu kamar igiyar rijiya? Ba na iya sawa, ba na iya bayarwa, ba na iya yarwa. Ko saƙar ban iya ba."

Na ce ta zauna. Na ɗora yatsanta a kan wani ja kusa da gwiwar hannun. Na ce nan ne na gaya wa babanta an ba ta aikin asibitin dabbobi. Ta dube ni. Ta zame yatsan gaba da kanta, ta tsaya a kan wani shuɗi mai faɗi.

"Wannan fa?"

"Ranar da kika rabu da wancan sakaran mijin naki."

"Duk wannan faɗin?"

"Labari mai daɗi ba a gajarta shi. Babanki tun ranar biki yake cewa mutumin bai iya riƙe guduma ba."

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta zauna a ƙasa tana bin hannun da tafinta tana tambaya ina amsawa. Ta samu rasuwar karenmu. Ta samu shekarar da dankali ya ruɓe. Ta samu 'yarta ta ci jarrabawa, da rawaya. Da ta kai ƙarshe, wurin da guntun marigayin yake maƙale, ta juya shi ta sake juyawa.

"Ina asibitin? Ina ciwonki na bana?"

"Ban gaya masa ba tukuna," na ce. "Labari irin wannan sabon zare yake so. Kun hana a sayar mini."

Ranar Litinin ta fita da sassafe, ta dawo ta ajiye mini curi a kan tebur ba tare da ta dube ni ba. Zaren inji ne, na kanti, launinsa kamar maganin tari. A rayuwata ban taɓa ganin mummunan zare irinsa ba. Ya dace da labarin. Na karɓa.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan tagwayensa Miƙaƙƙe, wanda yanzu yake ɗauke da idanun shi kaɗai, bai ce uffan ba tun ranar, don tsinke ɗaya ba ya magana. Ya bar riga ɗaya mai hannu ɗaya da wani abu. Ya bar ayyuka da dama da gayya ba ta gano ba, ba kuma zan faɗi inda suke ba. Ya bar akwatunan ulu, dukansu cikin ƙoshin lafiya, asu bai taɓa ko ɗaya ba. Ya bar tsohuwa ɗaya wadda ba ta shirin binsa nan kusa, ko da me masu duba alamu suke faɗa a bakin coci. Na ji an ce karyewar tsinke alama ce ga mai shi. Alama ce, ƙwarai. Alamar Fresia tana da ƙarfin hannu.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa, da an fito daga addu'ar farko, a gindin itacen luma da ke bayan gidana, inda aka haife shi. Za a sa shi a cikin ƙaramar safar nan ta gayya, wadda Fresia ta matse, don ta samu wanda ta yi wa daidai. Komadre Fresia ce za ta haƙa kabarin. Ta aiko a ba ni haƙuri har sau biyu, na ce na ji, ta zo da shebur. Idan ta gama za mu koma bencinmu kamar da. Fada ya ce ba zai iya zuwa a matsayinsa na Fada ba, amma zai leƙo ta kan shinge.

Kafin a rufe ramin zan yanki reshe daga itacen, in fere wa Miƙaƙƙe abokin aiki da wuƙar Olegario. An ce wannan ba aikin mace ba ne, balle mai shekaruna. Wanda ya faɗa ya zo ya karɓi wuƙar daga hannuna. Zan auna kaurin da guntun marigayin, in goge a hankali, ba inda nake sauri. Idan ya fito a karkace, laifin itace ne.

Layin farko a kan sabon tsinken Yasna ce za ta saƙa, da mummunan zarenta. Ta ce tana da abin da za ta gaya wa babanta. Ba zan saurara ba, amma zan gyara mata riƙo. Yadda na ga tana kama tsinke kamar cokali, za a daɗe ana gyarawa, kuma ina da niyyar kasancewa a wurin har ƙarshe. Ba za a rufe bakin hannun rigar ba. Ba bana ba, ba a hannun gayya ba, ba kuma bayan raina ba sai in ita ta ga dama.

Taron zai zama gajere, don jirgin fito ba ya jira, kasuwar Dalcahue kuma tana watsewa da azahar. An ɗage dokar da aka sa wa Doña Clorinda. Ta ajiye mini curin nan mai launin ganyen tuffa, da duk 'yan uwansa da suka fito tukunyar rini ɗaya. Yasna ce za ta ɗauki kwandon.

Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo furanni, furanni ba sa saƙuwa. A kawo ulu, na hannu, kowane launi. Akwai waina, akwai mate, da zarar na dawo daga kasuwa ƙofa a buɗe take har yamma. Wadda ta zo don ta zauna da ni, ga kujera. Wadda kuma ta zo da niyyar ƙarasa mini wani abu, ta ƙarasa shayinta ta kama hanya.

Mai sanarwa, a madadin kanta da Miƙaƙƙe,
Eduvigis Barría Millalonco, Curaco.